Wa Ya Kamata a Fara Ba Sabon Iri?

Manomi ba ya karɓar sabuwar dabara don malamin gona ya faɗa kawai, sai ya gani a gonar wanda ya yarda da shi. Masu nazarin alaƙar jama'a sun gwada wannan a ƙauyuka 200 na Malawi, suka gano yawanci sai manomi ya ji daga bakin mutum biyu kafin ya gwada.

Don haka 'yan ƙungiya a Achika, kafin ku raba irin wake ko buhun PICS, ku tambayi kowane mamba: wa kake neman shawararsa kan noma? Sunayen da suka fi maimaituwa su za a fara ba, ko ba su da sarauta. A zaɓi biyu da suke majalisa ɗaya. Mata kuma a tambaye su daban, domin tasu hanyar labarin daban ce.