Gajeren kare mai dogon baya: Haƙƙin dabba a kan mai ita

A shekarun baya, idan aka ambaci kare a Gusau da kewayenta, iri uku ne ke faɗo wa mutum a rai: na mafarauci, na makiyayi, sai na gadin gida ko gona. Dukkansu 'yan ƙasa ne masu dogayen ƙafafu da ɗamammen ciki, waɗanda suka saba da rana da ƙaya da ƙarancin abinci. Yanzu kuwa, daga unguwarmu ta Tudun Wada zuwa sababbin gidajen da ke bakin hanyar Tsafe da ta Bunguɗu, nakan ga samari riƙe da karnukan ƙetare da aka sayo da tsada daga manyan birane. Wanda ya fi ɗaukar hankalina a cikinsu shi ne wani gajere mai dogon baya da faffaɗan kunnuwa da ake kira dakshund. Na zaɓi yin magana a kansa ne domin jikinsa ba ya jure sakaci, kuma abin da yake buƙata darasi ne ga duk mai kare, na gida ko na waje.

Asalinsa ƙasar Jamus ne, kuma ma'anar sunansa a harshensu ita ce karen dage. Mafarautan can sun daɗe suna zaɓen irinsa domin ya shiga rami ya tunkari wata dabba 'yar uwar dagen dajinmu. Wannan ne ya sa aka so shi da gajerun ƙafafu, da faffaɗan dagi na tono, da babbar murya da mai shi zai jiyo daga ƙarƙashin ƙasa, da taurin kai irin na mai yanke shawara shi kaɗai a cikin duhu. Jamusawa na ji da shi ƙwarai, har suka sanya siffarsa ta zama alamar gasar Olamfik da aka yi a birnin Munik a 1972. Babbansa na kai nauyin kilo 7 zuwa 14, ƙaraminsa kuma bai cika wuce kilo 5 ba, kuma yana iya rayuwa shekara 12 zuwa 16. Wanda ya saye shi yau ya ɗauki nauyin da zai iya kai shi har ɗansa na goye ya shiga sakandare.

Surar da ta sa ake sha'awarsa ita ce kuma tushen babbar cutarsa. Tsakanin ƙasusuwan gadon baya akwai wasu faya-fayan guringuntsi masu hana ƙashi gogar ƙashi. A jikin wannan jinsi suna saurin bushewa su taurara tun kare yana da ƙuruciya, sai wata rana ɗaya ya fashe ya danne laka. Likitocin dabbobi na ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin huɗu ko biyar na irinsa kan gamu da wannan larura. Alamunta su ne kare ya ƙi motsi, ya gantsare baya, ya yi ƙara idan an ɗaga shi, ya riƙa tangaɗi ko jan ƙafafun baya, wani lokaci fitsari ya gagara. Idan aka ga haka, a tsare shi a ƙaramin wuri kada ya yi yawo, a nemi likita a ranar, domin jinkirin kwana ɗaya na iya zama sanadin shanyewar ƙafafu har abada. Kada a ba shi maganin ciwon jiki na mutane, don wasu daga cikinsu na lalata masa ciki da ƙoda da hanta.

Kariyar ba ta da tsada. Kada a bar shi yana dirowa daga kujera ko bayan mota ko matakalar bene. In za a ɗauke shi, hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, ɗayan ya tallabe ƙugu, bayan ya zauna a miƙe. Ɗamarar ƙirji ta fi masa igiyar wuya. Sannan a kula da ƙiba, domin kowane ƙarin nauyi a kan dogon bayan nan yake sauka. Mai kare ya shafa gefen cikinsa, in bai ji haƙarƙari cikin sauƙi ba, abinci ya yi yawa.

Batun abinci na da nasa tarkon a gidajenmu, inda aka saba zuba wa kare ragowar tuwo da miya. Albasa da tafarnuwa na farfasa jajayen ƙwayoyin jininsa, ga shi kuwa da wuya a yi miya babu albasa. Goro da cakulan guba ne a gare shi, haka ma inabi da zabibi. Dafaffen ƙashin kaza kan tsage ya huda hanji. Abin da ya dace shi ne nama ko kifi ko ƙwai da aka dafa babu yaji, a haɗa da shinkafa ko dankali, a auna, a ba shi sau biyu a rana, da tsabtataccen ruwa a kowane lokaci.

Sai kuma zafin ƙasarmu. A watannin Maris da Afrilu zafin Gusau kan kai digiri 40, kare kuma da haki yake sanyaya jikinsa, ba da gumi kamar mutum ba. Dakshund ya fi sauran shan wuya, tunda cikinsa na daf da ƙasa mai turiri. Fita da shi bayan asuba ko daf da magariba ta fi, kuma a ɗora bayan hannu a kan kwalta tukuna, in hannu bai jure ba, dagin kare ma ba zai jure ba. Da damina kuma kaska ke yawaita, musamman a gidajen da ake kiwon tumaki da shanu, tana ɗauke da cututtukan da ke ƙarar da jini. A riƙa duba cikin kunnuwa da tsakanin yatsu, a karɓi magani daga likita. Fesa masa fiya-fiya ko maganin ƙwarin gona kisa ne, ba magani ba. Maganin tsutsar ciki kuma duk bayan wata uku.

Game da tarbiyya, Bahaushe ya riga ya gama magana da ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Watanni huɗu na farko su ne lokacin da ɗan kwikwiyo ke koyon wane ne abokin zama, don haka a saba masa da yara da baƙi da ƙarar babur da kaji da awaki, a hankali kuma a gaban mai shi. Darasi kada ya wuce minti biyar zuwa goma, kalma ɗaya ga kowane umarni, kowa a gidan ya yi amfani da ita, lada kuma ta biyo baya nan take. Duka ba ya koya wa wannan jinsi komai sai tsoro, kare mai tsoro kuwa shi ne mai cizo. Tono da haushi da bin 'yan tsaki gadonsa ne, ba za a raba shi da su ba, sai dai a ware masa wurin tono, a gajiyar da shi da tafiya, a killace kaji. Wanda kuma ke neman mai tsaron garke a wannan zamani na satar shanu, karen gida ya fiye masa. Iyakar abin da dakshund zai yi shi ne ya tashe ka da haushi.

Duk waɗannan tsakanin mutum ne da dabbarsa. Akwai wanda ya shafi maƙwabta, wato ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar cizon kare, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 15 su ne kashi 40 cikin 100. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya a tsira. Abin takaici, rigakafinsa ya samu tun 1885, lokacin da Louis Pasteur ya yi wa wani yaro allura a Faransa ya rayu. A nan gida, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana sarrafa allurar karnuka. Ana yi wa kwikwiyo yana da wata uku, a sabunta kowace shekara, bayan alluran sauran cututtuka da ake farawa tun yana mako shida zuwa takwas.

Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, ya nufi asibiti a ranar, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura ko mafi kusa da shi. Kada a tsaya jiran a ga alama, domin cutar kan ɓuya wata biyu zuwa uku. Karen kuma a tsare shi kwana goma ƙarƙashin kulawar likita.

Addininmu ya halatta riƙon kare domin farauta da kiwo da tsaron gona, ya kuma sanar da mu cewa an gafarta wa wani bawa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Hukuncin ajiye shi don sha'awa kawai, wannan fagen malamai ne. Abin da ba a saɓa a kansa ba shi ne, dabbar da ka tsare, cinta da shanta da lafiyarta suna wuyanka. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Masana sun tabbatar cewa yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura na katse yaɗuwar haukan kare. Kirana ga hukumomin lafiyar dabbobi na jiha da ƙananan hukumomin Gusau da Tsafe da Bunguɗu shi ne su haɗa kai da sarakunan farauta da ardo-ardo da masu unguwanni, su mayar da 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya, lokacin allurar kyauta a ƙofar kowane hakimi. Ƙwayar cutar ba ta bambanta karen da aka sayo da tsada da wanda ke kwana a bola, kuma yaran da ke wasa a lungu namu ne duka.