Sassaucin Haraji: Wa Ya Fi Cin Moriyarsa?

Dokar harajin kuɗin shiga da aka gyara a Najeriya a 2011 ta zo da wani sassauci mai kama da adalci. A da, kafin a lissafa wa ma'aikaci haraji, ana ware masa kashi 20 cikin ɗari na abin da yake samu a shekara, a ƙara da naira 200,000 ko kashi 1 cikin ɗari, duk wanda ya fi yawa. Ƙa'ida ɗaya ce ga kowa, daga masinja har babban darakta.

Sai an zauna da alƙalami ake ganin inda gizo ke saƙa. A wancan lokaci, mai samun naira miliyan 1 a shekara ana ware masa 400,000, harajin da ya tsira daga biya bai wuce 60,000 ba. Mai samun miliyan 100 kuwa ana ware masa miliyan 21, kuma da yake kashi 24 cikin ɗari ake cira daga saman kuɗinsa, harajin da ya tsira daga biya ya haura miliyan 5. Wannan kuɗi ne da baitulmali ya yafe, kuma dole a nemo madadinsa, sau da yawa ta harajin VAT na kashi 7.5 da mai hali da marar hali ke biya daidai wa daida.

Sabuwar dokar da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, ta soke wancan sassauci. Ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko, ta kai matakin ƙoli kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50, sannan ta kawo rangwamen kuɗin haya: kashi 20 cikin ɗari, amma kada ya wuce 500,000. A ganina wannan iyaka ita ce gyara mafi ma'ana a cikin dokar.

Duk da haka da sauran rina a kaba. Har yanzu ana ware kuɗin inshorar rai da ruwan bashin gina gidan zama, alhali mai ƙaramin albashi da wuya banki ya ba shi irin wannan bashi. Ma'aikacin da ke zaune a gidan gado a Kano ko Zariya ba shi da kuɗin hayar da zai nuna, wanda ke haya kuma sai ya fara shawo kan mai gida ya rubuta masa rasit.