Amalanke Mai Inji Za Ta Iya Gadon Aikin Jaki?

A ƙauyukan arewacin Kano, kamar na Dawakin Tofa da Bichi da Ɗambatta, inda gonaki suka haɗe da juna har ba a barin saura ta huta, taki shi ne ran noma. Shekara da shekaru jaki ne ke kai shi gona cikin mangala da rani. To amma jaki ya yi tsada saboda cinikin fatarsa zuwa ƙasar Sin, har Tarayyar Afirka ta hana yanka shi domin fata a watan Fabrairu na 1445 bayan hijira, watau 2024.

Wannan ne ya sa hankali ya koma kan amalanke mai inji, wadda mai walda zai iya ƙerawa da kayan da ake samu a kasuwar Ƙofar Ruwa: ƙarafa, tsofaffin tayoyin mota, sarƙar babur, da ƙaramin inji irin na ban ruwa. In aka girka jak ɗin mota a ƙarƙashin akwatin kaya, mutum ɗaya zai ɗaga shi ya juye taki ko yashi.

Asirin aikin yana wurin rage gudu. Irin wannan inji kan juya sau 3,600 a minti ɗaya, alhali tayar mota ba ta bukatar fiye da juyi 45 domin ta yi tafiya irin ta mutum. Saboda haka dole a rage gudun kamar sau 80 ta hanyar bel da sarƙa, kuma gwargwadon raguwar gudu, gwargwadon ƙaruwar ƙarfi.

Inda haɗari yake shi ne birki. Buhu biyar na gero rabin tan ne, kuma idan suka ƙwace a gangare, hannu ba zai tsayar da su ba. Haka nan sarƙar da ba a rufe ba takan kama babbar riga ko yatsan yaro. Ga kuma tsadar fetur tun da aka janye tallafi a 2023, ga shi inji ba ya bayar da taki kamar jaki.

Ya kamata Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da makarantun koyon sana'a su gwada irin waɗannan amalanku, su fitar da ma'auni guda, domin manomi ya san abin da yake saye.