SINIMA A CIKIN ALJIHU: KALLON BIDIYO A TABILET DAGA ƊAN RUMBU MARAR WAYA

Jama'a masu karatu, dattawan cikinku ba su manta ba, a shekarar 1964 aka fara karatu ta telebijin a waɗansu makarantun ƙasarmu, da taimakon Faransa. A wancan zamani, kafin hoto ya iso gaban yara, sai an kafa gidan watsawa, an ɗaga eriya, an kai akwati mai nauyi cikin aji, kana a nemo masa wuta. Yau ga shi ana zuba ɗaruruwan darussa cikin wani ɗan akwati wanda bai fi tafin hannu ba, mutum ya saka shi aljihu ya nufi ƙauye. Wannan akwati shi muke kira rumbu marar waya, kuma ana kallon abin da ke cikinsa a allon lantarki na hannu, wato tabilet.

Amma kayan aiki sai da sani. Mu ɗauka malamin gona ya tara jama'a bayan sallar isha'i don ya nuna musu yadda ake adana wake. Maigari ya zauna, mata sun bar aikinsu, ya taɓa allo, sai hoto ya fito babu murya, ko kuwa ya ƙi fitowa sam. Mutane za su watse, kuma ran da ya sake kiransu ba lalle su amsa ba. Don kauce wa irin wannan kunya muka ga ya dace mu yi bayani dalla-dalla.

Mene ne wannan rumbu?

Abu uku aka haɗa a cikinsa: ma'ajiyar da ake zuba finafinai, da batir mai caji, da ɗan gidan rediyo mai watsa wifi. Idan aka kunna shi, sai sunansa ya bayyana a jerin wifi na tabilet, a zaɓe shi, a rubuta kalmar sirri, shi ke nan sun haɗu. Ba a bukatar intanet, ba a sayen kati, ba ruwansa da ko akwai layin tarho a garin. Muryarsa dai ba ta nisa: a cikin ɗaki takan kai kamar mita 10, a fili ta fi haka, amma katangar ƙasa mai kauri tana raunana ta ƙwarai.

Asalinsa kuwa, a shekarar 2010 kamfanin Apple na Amurka ya fito da iPad, wanda ba shi da gurbin saka katin ajiya, ga shi cikinsa bai da yawa. Sai a 2011 kamfanin Seagate ya ƙera GoFlex Satellite mai ɗaukar giga 500, Kingston kuma ya ƙera Wi-Drive mai giga 16 ko 32, kowanne yana ciyar da allo uku a lokaci guda. Da yawa daga cikin waɗannan na farko an daina ƙera su, amma dabarar tana nan: akwai ƙananan na'urorin wifi da ake soka wa ma'ajiya ta kafar USB, an kuma ƙera akwatunan karatu irin su RACHEL, da KoomBook na ƙungiyar Bibliothèques Sans Frontières, waɗanda aka yi domin wuraren da intanet bai kai ba.

Rumbu ajiya yake yi, allo ke karantawa

Ga babbar maganar da ya kamata kowa ya riƙe. Rumbun nan ba shi ne ke nuna fim ba. Aikinsa ya miƙa wa tabilet fayil ɗin kaɗan-kaɗan, kamar yadda ake ɗebo hatsi a kai wa mai daka. Tabilet ita ce ke warware abin da aka miƙo mata, ta mai da shi hoto da murya. Saboda haka idan fim ya ƙi tashi, galibi rumbun lafiyarsa lau, tabilet ce ba ta gane irin ɗaurin da aka yi wa fim ɗin ba.

Kowane fayil na bidiyo kamar buhu ne. Haruffan da ke ƙarshen sunansa, irin su MP4, MKV ko AVI, sunan buhun ne kawai. A cikin buhun akwai ƙunshi biyu, na hoto da na murya, kuma kowanne da irin hanyar da aka bi aka matse shi don ya rage girma. A wajen hoto, wadda ta fi yaɗuwa ita ce H.264, da aka tsayar a 2003; kusan kowace tabilet tana karanta ta. Akwai H.265 ta 2013 da AV1 ta 2018, waɗanda suka fi matse hoto, amma tsofaffin alluna da masu araha sukan sha wuya da su, hoto ya riƙa tsinkewa, batir ya ƙare da wuri. A wajen murya, AAC da MP3 ba su da gardama. AC3 da DTS kuwa, waɗanda ake samu a finafinan da aka kwafo daga faifai, su ne sukan sa a ga bakin mutum yana motsi ba a jin kome.

Magani iri biyu ne

Na farko, a saka wa tabilet manhajar kallo mai gane ɗauri iri-iri. Wadda aka fi sani ita ce VLC, da ɗaliban makarantar École Centrale ta birnin Paris suka soma a 1996, kuma kyauta ake samunta. Sau da yawa manhajar da ta zo da rumbun takan kasa buɗe fim, VLC ta buɗe shi. A cikinta akwai wurin duba abin da ke kan wifi na kusa. Idan rumbun yana aiki da hanyar da ake kira SMB ko DLNA, sunansa zai fito a can, a shiga a zaɓi fim. A tuna, saka manhaja galibi yana bukatar intanet, don haka a birni ake yin sa.

Na biyu, wanda ya fi tabbas, shi ne a sake ɗaure fim ɗin tun a ofis. Akwai manhajar kwamfuta mai suna HandBrake, ita ma kyauta, wadda ke juya fim zuwa buhun MP4, hoto H.264, murya AAC. Fim ɗin da aka shirya haka, da wuya a sami allon da zai ƙi shi. Ma'aikatar da ke raba finafinan wayar da kai ga ma'aikatanta, ya kyautu ta ɗora wa mutum ɗaya wannan aiki, maimakon kowa ya yi ta fama shi kaɗai a daji.

Girman hoto da yawan masu kallo

Wifi na ɗan rumbu kamar bakin tulu yake, abin da zai fita ta cikinsa a lokaci guda yana da iyaka. Fim mai layi 720 da aka matse da kyau yakan ci kamar mega 900 a awa ɗaya, wato rumbu mai giga 500 zai ɗauki fiye da awa 500. Mai layi 1080 kuwa yana iya cin ninki huɗu na wannan, alhali a ƙaramin allo ido ba ya cika bambanta su. Idan alluna biyar suna jan babban fim gaba ɗaya, hoto zai dinga tsayawa. A rage girman fim, ko a rage yawan alluna, ko kuma a kwafe darasin ranar cikin kowace tabilet tun kafin a soma.

Akwai kuma wani tarko. Ma'ajiyar da aka tsara da tsohon tsari mai suna FAT32 ba ta karɓar fayil ɗaya da ya wuce giga 4. Tsarin exFAT ba shi da wannan matsala, amma sai a duba ko rumbun yana karanta shi. Kuma sake tsara ma'ajiya yana share duk abin da ke ciki, don haka a kwashe kaya tukuna.

Wata matsalar ita ce, waɗansu alluna da wayoyi idan suka ga wifi ɗin babu intanet, sukan sake shi su koma neman wani. Idan tambaya ta fito a allo, a amsa cewa a ci gaba da zama a kansa. Idan akwai katin tarho a ciki, a kashe intanet ɗinsa har a gama kallo.

Zafi, ƙura da hanya

Kamfanin Apple ya ƙayyade wa allunansa aiki tsakanin digiri 0 da 35, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin ƙasarmu yakan haura 40. Zafi yana tsufar da batir, wani lokaci har ya kumbura. Batirin da ya kumbura kuwa a daina aiki da shi, don yana iya kamawa da wuta. Kada a bar kayan cikin mota a rufe da rana, kada a yi musu caji a rana; farantin hasken rana ya zauna waje, su kuma a inuwa.

Rumbu mai faifai a ciki, faifan yakan juya sau 5400 a minti, saboda haka faɗuwa ɗaya yana cikin aiki tana iya halaka shi. Mai yawo a babur kan hanyar burji gara ya nemi marar faifai, irin mai katin ajiya. A kashe shi kafin tafiya, a naɗe shi cikin tsumma mai tsabta saboda ƙurar hunturu. Kowane fim kuma a bar kwafinsa a ofis, domin ba a zuba iri duka a rumbu ɗaya. A canza kalmar sirrin da aka sayo shi da ita, kada kuma a ajiye takardun hukuma ko sunayen marasa lafiya a rumbun da jama'a ke shiga.

Wanda tabilet ɗinsa ke da kafar USB-C, kuma shi kaɗai zai nuna fim, yana iya soka ma'ajiya kai tsaye ba tare da wifi ba. iPad ma tun 2019 tana karɓar haka. Amfanin marar waya yana fitowa ne inda alluna suke da yawa, kamar ajin yaƙi da jahilci da aka kasa rukuni-rukuni.

Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. Kafin a bar gari, a cika batir, a kashe intanet, a buɗe kowane fim a kan ainihin allon da za a tafi da shi, a duba farkonsa da tsakiyarsa da ƙarshensa, a saurari murya. Aikin rabin awa ne, amma shi ke tsare mutuncin ma'aikaci da lokacin talakawan da suka bar hidimarsu suka zo sauraro. Allah ya sa mu amfana da abin da muka karanta, amin.