Kurmin da ke Ɓoye a Ƙarƙashin Gonarmu

Idan bazara ta kama, kowane magidanci a ƙauyukanmu yakan ɗauki gatari da adda ya nufi gona domin sassabe. Duk wani toho da ya fito daga kututture, ko na kalgo ne, ko sabara, ko magarya, sai a sare shi, a tara, a cinna masa wuta. Mun tashi mun tarar ana cewa manomin kirki shi ne wanda gonarsa take fes kamar tsakar gida. To, amma bari mu tambayi kanmu: tun da muke share gonaki haka, yawan damin da muke ɗaurewa ƙaruwa yake yi ko raguwa?

Iyayenmu mata sun riga mu sanin amsa. Itacen girkin da dā ake samu a bayan gari, yanzu sai an yi tafiyar rabin yini. In ya gagara, sai a koma ƙona kara da kashin shanu, watau abincin da ya kamata ƙasa ta ci shi muke sa wa a murhu. Ƙasa kuwa in ta zauna tsirara, iska takan kwashe ta, ruwa ya zaizaye ta, rana ta gasa ta. Sau nawa muka shuka gero, ya tsiro, iska ta zo da rairayi ta binne shi, har sai mun sāke shuka sau biyu ko uku?

Wannan wahala 'yan'uwanmu na jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar sun sha ta fiye da mu, kuma labarin yadda suka fita yana da abin koyo a gare mu. Bayan babban farin da aka yi a wajen 1973, an kashe kuɗi masu yawa ana renon itatuwa ana dasawa. Cikin masu wannan aiki akwai wani ɗan mishan na SIM, masanin aikin gona daga Ostareliya, sunansa Tony Rinaudo, wanda ya iso Nijar a 1981. Ya yi ta dashe, amma yawancin itatuwan ba su rayu ba. Rana ta kashe waɗansu, gara da awaki suka cinye saura.

Wata rana a 1983 yana tafe da motarsa ɗauke da dashe, sai ya tsaya domin ya rage iskar taya saboda rairayi. Zuciyarsa ta karai, har ya roƙi Allah ya buɗe masa ido. Sa'an nan ya lura da wani ɗan kurmi a gefen hanya, irin wanda ya saba wucewa kullum. Da ya duba ganyen sosai, sai ya gane ashe ba ciyawa ba ce, itace ne da aka sare tun dā, saiwarsa tana nan da rai, tana ta ƙoƙarin tohowa. Irin waɗannan kututture kuwa suna nan birjik a gonaki. Ashe kurmin bai mutu ba, yana nan a ƙarƙashin ƙasa, mu ne muke datse kansa kowace shekara.

Da fari mutane dariya suka yi masa. Suka ce itace a gona zai jawo tsuntsaye, inuwa kuma za ta hana gero girma. Da yunwa ta auku a 1984, aka haɗa rabon hatsi da sharaɗin kowa ya bar itatuwa a gonarsa. Bayan da rabon ya ƙare, mutane da yawa suka koma suka sare nasu. Amma waɗanda suka bari sun ga amfaninsu bai ragu ba, ga kuma itacen wuta a hannu. Gani ya kori ji. Daga nan maƙwabci ya riƙa koya daga maƙwabci, har dabarar ta sami suna, ana ce da ita sassabin zamani. Bayan shekara ashirin da wani abu, masana da suka gwada hotunan da aka ɗauka daga sama, na dā da na baya, sun ƙiyasta cewa itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. A 2018 aka ba Rinaudo lambar girma ta Right Livelihood, tare da Yacouba Sawadogo, manomi daga Burkina Faso wanda ya rayar da matacciyar ƙasa ta wurin haƙa ƙananan ramuka yana zuba taki a ciki.

Me itace yake yi wa gona? Na fari, yana karya ƙarfin iska, ƙasa ta zauna wurinta, ƙaramin tsiro ya tsira daga dūkan rairayi. Har ƙurar da iska ta ɗebo daga wani wuri, a gindin itace take sauka. Na biyu, saiwarsa tana nutsawa can inda saiwar gero ba ta kaiwa, ta jawo abincin ƙasa zuwa ganye, ganye ya faɗo ya ruɓe ya zama taki. Na uku, inda akwai saiwa da ruɓaɓɓen ganye, ruwan sama yakan nutse maimakon ya gudu, laima kuma ta daɗe. Na huɗu, dabbobi sukan taru a inuwa su bar kashinsu, tsuntsaye da ƙadangaru su rage ƙwarin da ke cin amfani.

Sarkin itatuwan gona kuwa shi ne gawo. Halinsa dabam ne da na sauran: da damina yakan zubar da ganyensa, da rani kuma ya yi kore shar. Saboda haka ba ya tare wa shuka rana sa'ad da take bukatarta, ganyensa kuma yana zuba daidai lokacin da ƙasa take neman taki. Saiwarsa tana tara sinadarin nan naitirojin, wanda muke biyan kuɗi mu saya cikin buhun yuriya. 'Ya'yansa abinci ne mai kyau ga tumaki da awaki a tsakiyar rani. Kowa ya lura ya san geron gindin gawo ya fi na fili tsawo da kauri. Ba banza ba sarakunan Damagaram na dā suka hana saran gawo da hukunci mai tsanani. Haka nan kuka da ɗorawa da tsamiya da kaɗanya da aduwa, kowanne yana da abin da yake sa wa a tukunyar uwargida.

Yaya ake yin aikin? Ba ya bukatar kuɗi, sai wuƙa ko adda mai kaifi. Kafin sassabe, mu zaga gona mu zaɓi kututturen da za mu bari. A Maraɗi an fara da wajen 40 a hekta ɗaya, watau kamar 16 a eka. A kowane kututture mu zaɓi toho mafi ƙarfi da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, mu cire saura. Waɗanda muka bari, mu rage musu rassan ƙasa har wajen rabin tsayinsu, muna sara daga ƙasa zuwa sama domin kada ɓawon ya tsage. Mu ɗaura ɗan tsumma a jiki, kowa ya san mai shi yana so. Bayan 'yan watanni mu koma mu sāke gyarawa, abin da muka cire kuma ya tafi murhu. Da yake saiwar tsohuwa ce, girmansa ya fi na dashe sauri nesa ba kusa ba.

Akwai wuya ɗaya da ba za mu ɓoye ba. Mutum ba zai yi renon itacen da wani zai sare da dare ba. A Nijar ma abin bai yi ƙarfi ba sai da manoma suka tabbata cewa itacen da suka rena nasu ne. Domin haka aikin ba na gida ɗaya ba ne. Ya kamata mu zauna da mai unguwa, da maƙwabtanmu na kowane addini, da makiyaya, a yi shawara a kan abin da za a sare da abin da za a bari.

Mai karatu, gonar nan gādo ce muka karɓa, kuma amana ce da za mu miƙa wa 'ya'yanmu. In ka fita sassabe bana, tafi da yaronka. Kafin ka ɗaga gatari, ka duƙa ka duba ganyen, ka faɗa masa sunan itacen, sa'an nan ku zaɓi wanda za ku bari.