Zoɓon sayarwa: yadda ake gano ruwan da tukunya ke cinyewa

A Minjibir da Kunya, kamar sauran garuruwan arewacin Kano, akwai gidajen da cefanensu ya dogara ga zoɓon da uwargida ke dafawa ta ɗura a robobi, yara su kai kasuwa. Da ido ake awon. Shi ya sa tukunyar da ta cika roba hamsin jiya take tsayawa a arba'in da biyar yau, zaƙin ma ya sauya, mai sana'ar ta rasa ta inda ribarta ta zurare.

Ruwan da aka ɗora a wuta ba shi ake saukewa ba. Wani ya tafi a tururi, wani zoɓon ya shanye, wani ya maƙale a rariya. Masu dafa giya a gida a Turai da Amurka sun daɗe da mayar da wannan lissafi ƙa'ida, kowa sai ya auna tukunyarsa kafin ya amince da adadin da aka rubuta masa. Giya haramun ce a Kano, Hisba na farfasa ta, amma lissafin ɗaya ne ga kowace tukunya.

Sanda mai tsabta ta wadatar. A riƙa zuba ruwa lita biyu-biyu ana tsaga alama a jikinta har tukunyar ta cika. A ƙaddara an fara dahuwa da lita 30, aka sauke 26, bayan tacewa aka samu 24. Lita 6 ke nan kason tukunyar, don haka mai son cika roba hamsin ta rabin lita sai ta fara da 31. A maimaita gwajin sau uku, domin wutar itace daban da ta gawayi, kuma tukunya mai faɗin baki ta fi zubar da tururi, balle a busasshiyar iskar hunturu. Sai ruwan ya huce za a auna, saboda tafasasshen ruwa yana kumbura da kusan kashi 4 cikin ɗari.

Sai zaƙi. Kilo biyu da rabi na sukari a lita 25 yana ba da giram 100 a kowace lita. Idan ruwan ya tsaya a lita 20, ya koma 125. Akwai ma'aunin gilashi mai yawo a kan ruwa, haidiromita, da ke nuna 1.000 a ruwa zalla, kusan 1.040 kuma a ruwa mai giram 100 na sukari. Galibi an saita shi ne a kan digiri 20, saboda haka a zafin bazara yakan rage lamba. Wadda ba ta da shi ta nemi ƙaramin sikeli: litar ruwa kilo ɗaya ce, litar irin wannan zoɓon kuwa kusan giram 1,040.

Idan lissafi ya ɓaci, hanya mafi sauƙi ita ce a ƙara ruwa a rufe da garin zaƙi da ɗan tsami na kasuwa. Kanawa ba su manta da Maris ɗin 2021 ba, lokacin da abin sha da aka haɗa da gurɓataccen gari ya kwantar da ɗaruruwa a asibiti, gwamnatin jihar ta ce mutum 10 sun rasu. NAFDAC ta gano cewa an sayar da wani sinadari mai guba, haidiroksilamin, da sunan ɗan tsami.

Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace litar lemon kwalba mai sukari, amma zoɓon da ake yi a gida babu ko takardar da ke faɗin abin da ke cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babba ke sha a yini ya wuce kimanin giram 50. Roba ɗaya ta rabin lita mai nauyin 1.040 ta cinye wannan kason gaba ɗaya.