Me Ya Sa Jiki Ke Yaudarar Matuƙin Jirgin Sama?

Idan hazon hunturu ya rufe Jabo, mai babur kan lallaɓa har Tambuwal, domin ƙasa na ƙarƙashinsa. Matuƙin da ke shirin sauka a filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a Sakkwato ba shi da wannan gata.

Da zarar ido ya kasa raba sama da ƙasa, sai jiki ya dogara da cikin kunne, inda wasu 'yan bututu uku masu ruwa ke gane juyi. Rauninsu kuwa abin tsoro ne. Karkatar da ba ta kai kusan digiri 2 a daƙiƙa ba takan wuce su. Idan juyi ya ɗore kamar daƙiƙa 20, ruwan yakan natsu, matuƙi ya rantse a miƙe yake tafiya. Ƙarin gudu ma yakan ji shi kamar hancin jirgi ya ɗaga, sai ya danna shi ƙasa. Dalilin ke nan da ake horar da matuƙa su gaskata na'urorin gabansu ko da jiki ya musa.

Ga misalin haɗarin wannan yaudara: ranar 5 ga Mayu 2007, wani jirgin Kenya Airways ya tashi daga Duwala cikin dare, yana karkata dama sannu a hankali matuƙin bai ankara ba, har jirgin ya faɗi. Mutum 114 suka rasu.